Wane keken ɗinki ya dace da mai koyo, kuma da me ake farawa?

Sabuwar_Hannu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na yanke shawarar koyon ɗinki, kuma ban taɓa zama a gaban keke ba, iyakar abin da na sani shi ne ɗinkin hannu idan maɓalli ya cire ko kalmasa ta warware. Na tara abin da zai isa in sayi keke guda ɗaya, kuma ba zan iya sayen wani nan kusa ba, shi ya sa nake tsoron yin kuskure. Kekuna uku aka nuna mini: tsohon baƙin keken ƙarfe na ƙafa, sabon farin keke mai lantarki wanda aka ce yana da salon ɗinki sama da 30, da kuma babban keken nan da teloli ke kira indastiriyal. Burina a yanzu shi ne in riƙa ɗinka wa kaina da yarana kaya, idan hannuna ya faɗa kuma wataƙila in karɓi na mutane. Wanne ya kamata in ɗauka, kuma da me ake fara koyo?

TsohonTela:
Wa alaikumus salam 'yata. Ki ɗauki baƙin keken, kada farin fenti da yawan maɓallai su ruɗe ki. Na shafe shekara 34 ina ɗinki, kuma duk wanda ya koya a hannuna a kan keken ƙafa ya fara. Irin waɗannan kekunan, ko na Singer ne ko na Butterfly ko wasunsu, kusan duk a kan tsarin tsohon Singer samfurin 15 aka ƙera su, shi ya sa kayan gyaransu ke shiga juna, kuma da wuya ki rasa wanda ya san cikinsu. Ƙarfe ne zalla, babu abin da zai ƙone, babu ruwansa da ko akwai wuta ko babu. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne, a keken ƙafa ke ce injin. Idan kin so allura ta sauka sau ɗaya ta tsaya, za ta tsaya, idan kin so ta yi gudu, za ta yi. Mai koyo yana bukatar ya ji keken a jikinsa kafin ya bar wa wuta aikin.

MaiAlmakashi:
Baba TsohonTela, ina girmama shekarunka a sana'a, amma a nan ban bi ka ba. Baƙin keken miƙaƙƙen ɗinki kawai yake yi. Ita kuwa ta ce kayan yara za ta ɗinka, kuma kayan yara akwai ƙofar maɓalli, akwai roba a ƙugu, akwai yadi mai miƙewa wanda miƙaƙƙen ɗinki ke tsinkewa a kansa da zarar yaro ya ja rigar a kansa. Duk waɗannan zigzag suke bukata, wato ɗinkin da ke tafiya hagu da dama. Haka nan bakin yadi, idan ba ta da keken da ke ɗaure baki, zigzag ne zai hana shi zarewa bayan wanki biyu ko uku. Sannan kada mu manta cewa taka keke shi kansa darasi ne daban. Ni na yi kusan mako biyu ina fama da keken da ke juyawa baya yana tsinka mini zare, kafin ƙafata ta saba, kuma a cikin makonnin nan ban koyi komai game da ɗinki ba. Ina ganin mai lantarki ya fi dacewa da ita.

Uwar_Biyu:
Ina goyon bayan MaiAlmakashi a kan zigzag, amma ina so in ja hankalin mai tambaya game da salon ɗinki 30 ɗin nan. Kekena yana da fiye da haka, kuma a cikin shekara 6 da nake amfani da shi, guda uku kawai nake taɓawa: miƙaƙƙe, zigzag, da na ƙofar maɓalli. Sauran na gwada su a ranar da na saye shi, ban sake komawa kansu ba. Kada yawan salo ya zama dalilin saye.

MakanikinKeke:
Ni gyaran kekuna nake yi, don haka zan yi magana ta ɓangaren abin da ake kawo mini. Tambayar ba ta tsaya a kan baƙi ko fari ba, domin na ga baƙin keken da ya ci duniya har ba ya gyaruwa, na kuma ga farin keken da ya shekara 20 yana aiki lafiya. Abin da ya kamata ki duba shi ne wannan keken da ke gabanki.

Idan tsoho ne, ki kama wilin hannu ki juya shi zuwa wajenki a hankali, ya zagaya sau da yawa. Ya kamata ya tafi sumul, babu inda yake cijewa, babu ƙarar ƙarfe yana bugun ƙarfe. Ki kama sandar da ke riƙe allura ki girgiza ta hagu da dama. Idan tana wasa sosai, ta cinye, kuma ɗinkinsa ba zai taɓa miƙewa ba. Ki buɗe ƙasa ki ciro ƙoshiya, wato ƙarfen da ke riƙe da zaren ƙasa, ki shafa bakin ƙugiyar da ke kamo zare da yatsa, domin idan akwai ɗan tsaguwa ko kaushi a wurin, zai riƙa tsinka zare har ki ɗauka laifinki ne. Ki duba haƙoran da ke jan yadi ko sun dakushe.

Idan sabo ne mai lantarki, ki ɗaga shi ki ji nauyinsa. Wanda kika ɗaga da yatsa biyu kamar kwandon roba, yawanci ƙashin cikinsa ma roba ne, kuma yana tsalle a kan tebur idan ya haɗu da yadi mai kauri. Murfin roba ba laifi ba ne muddin ƙashin ciki ƙarfe ne. Ki kuma tambaya ko ana samun kwarkwaronsa, wato abin da ake naɗa zaren ƙasa a kai, da bel ɗinsa a inda kike, domin keke mai kyau wanda ba a samun kayansa kayan ado ne kawai.

A kowane hali, kada ki saya sai kin ɗinka da shi. Ki tafi da ƙyallayenki: siririn yadi ɗaya, yadin auduga matsakaici, da guntun tsohon wandon jins da za ki ninka sau huɗu. Ƙyallen da mai sayarwa zai miƙo miki an zaɓe shi ne don keken ya yi kyau a kansa.

Sabuwar_Hannu:
Na gode ƙwarai, Malam MakanikinKeke, na rubuta waɗannan duka. Amma babu wanda ya ce komai a kan indastiriyal. Wata ƙawata ta ce in saye shi kai tsaye, tunda dai ƙarshenta can zan koma idan na fara karɓar ɗinki.

Kwarkwaro15:
'Yar'uwa, shawarar ƙawarki tana da hujja, amma ki san abin da za ki shiga. Keken gida yawanci yana yin ɗinki tsakanin 700 zuwa 1,000 a minti ɗaya idan an taka shi iyaka. Keken indastiriyal irin Juki DDL-8700 yana kaiwa 5,500 a minti ɗaya. An yi shi ne don mutumin da zai wuni yana ɗinka abu iri ɗaya, kuma shi ma miƙaƙƙen ɗinki kawai yake yi, ba ya zigzag, ba ya ƙofar maɓalli. Yana zuwa da teburinsa, a ƙarƙashin kansa akwai tiren mai, ba abin da za ki ɗauka ki ajiye a kabad ba ne idan kin gama. Ko allurarsa daban ce: gindinta zagayayye ne, ba irin ta keken gida mai gefe ɗaya a shafe ba.

Idan har kin nace a kansa, ki tambayi irin injin lantarkin da aka ɗaura masa. Akwai tsohon irin mai kuloci, wanda ke kuka tun daga lokacin da aka kunna shi, kuma da kin ɗan taɓa feda sai ya zabura. Akwai kuma irin da ake kira servo, wanda ba ya motsi sai an taka, kuma ana iya rage masa gudu sosai. Da mai kuloci na fara, kuma a satin farko allura ta huda mini gefen yatsa saboda keken ya riga hannuna. Da na san da servo tun farko, da ban sha wannan wahalar ba.

TsohonTela:
Abin da Kwarkwaro15 ya faɗa gaskiya ne. Ba a ɗora wanda bai iya tafiya ba a kan doki mai gudu. Game da maganar zigzag kuma, ban musa amfaninsa ba, amma ina tunatar da MaiAlmakashi cewa kafin zigzag ya shigo gidaje an yi shekaru ana ɗinka kaya masu tsabtar ciki. Akwai ɗinkin da ake yi sau biyu, a fara ta fuskar yadi, a rage baki, a juya a sake bi ta ciki, sai bakin yadin ya ɓuya gaba ɗaya. Wannan ya fi zigzag kyau da ƙarko, kuma miƙaƙƙen ɗinki kawai yake bukata. Wanda ya fara da keken da ke yi masa komai, sau da yawa ba ya koyon irin waɗannan.

MaiAlmakashi:
Na yarda da kai a kan wannan ɗinkin, Baba, ni ma ina yin sa a siraran yadi. Amma ba ya yiwuwa a yadi mai kauri, kuma bai warware matsalar ƙofar maɓalli da yadi mai miƙewa ba.

Zare_da_Allura:
Ku ba ni dama in ɗan karkata, domin ina ganin ana ɗora wa keke nauyin da ba nasa ba. Yawancin matsalolin da mai koyo ke fuskanta daga allura da zare suke. Mutum zai sayi keke, ya yi wata shida da allurar da ta zo da shi, ya ɗinka siliki da ita, ya ɗinka jins da ita, sannan ya ce keken yana tsallake ɗinki. Allura tana dakushewa, kuma shawarar da aka saba bayarwa ita ce a canza ta bayan kamar awa 8 na ɗinki, ko kuma da zarar ta bugi fil ko ta fara yin ƙarar "ƙwas-ƙwas" idan tana huda yadi. Allurar kekunan gida kusan duk tsari ɗaya ce, za ki ga an rubuta 130/705H a jikin fakitin, don haka ba sai kin nemi mai sunan kamfanin kekenki ba.

Ɗalibin_Ɗinki:
Ni ma sabo ne, wata 4 ke nan da farawa. Abin da aka faɗa mini shi ne, idan lambar allura ta yi girma to allurar siririya ce, don haka lamba 16 ce ta siraran yadi. Haka ne?

Zare_da_Allura:
A'a ɗan'uwa, an juya maka maganar. Wannan ƙa'idar ta allurar hannu ce, a can ne babbar lamba ke nufin siririyar allura. A allurar keke kuwa, girman lamba girman allura ne. Za ka ga lambobi biyu a haɗe, kamar 70/10, 80/12, 90/14, 100/16 da 110/18. Ta farkon lissafin Turai ce, kuma kaurin allurar take faɗa: 90 na nufin kashi 90 cikin 100 na milimita ɗaya. Ta biyun lissafin Amurka ce. Siririn yadi yana son 70/10, yadin auduga na yau da kullum 80/12 ko 90/14, jins da makamantansa 100/16 zuwa sama. Idan ka sa 16 a siririn yadi za ka ga ramuka a layin ɗinkin, yadin kuma yana tattarewa. Yadi mai miƙewa irin na singileti kuma yana da tasa allurar mai ɗan dunƙulallen baki, wadda ke ratsawa tsakanin zaren saƙar ba tare da ta yanke shi ba.

Ɗalibin_Ɗinki:
Wallahi ramukan da kika ambata su nake gani, na ɗauka yadin ne ba shi da kyau. Na gode, Anti.

MakanikinKeke:
In ƙara a kan maganar allura: yadda ake saka ta ma yana da muhimmanci. A yawancin kekunan zamani, shafaffen gefen gindin allurar baya yake kallo. A tsofaffin baƙaƙen kekuna masu ƙoshiya a gefe, gefe yake kallo, kuma ta gefe ake zura zare. Sau da yawa ana kawo mini keke a ce ya daina kama zaren ƙasa, in duba in ga allura ce kawai aka saka a juye, ko ba a tura ta sama har ƙarshe ba. Sai kuma mai. Man keken ɗinki fari ne, siriri kamar ruwa, kuma shi kaɗai ake sawa. An taɓa kawo mini keken da aka zuba wa man girki, bayan 'yan watanni man ya daskare ya zama kamar ƙaro, sai da na kwance shi gaba ɗaya na wanke kowane ƙarfe. Ɗigo ɗaya a kowane wurin da littafin keken ya nuna ya isa, kuma a share ƙurar yadi da ke taruwa a ƙarƙashin haƙora da ɗan buroshi.

Malamar_Sana'a:
Ina so in koma kan rabin tambayar da aka bari, wato da me ake fara koyo, domin ina koyar da masu farawa kuma na ga inda suke tuntuɓe. A ranar farko ba na ba ɗaliba zare. Ina zana layuka a takarda, miƙaƙƙu da farko, sannan masu kwana, sannan da'ira da lanƙwasa kamar katantanwa, ta bi su da allura babu zare. Ramukan da allurar ta bari su ne ke nuna mata inda hannunta ya kauce. A nan take koyon abu mafi wuya, wato daina jan yadi. Haƙoran keke su ne ke tafiyar da yadin, aikin hannu shi ne shiryarwa kawai, kuma duk mai jan yadi daga baya zai riƙa karya allura. A nan kuma take koyon inda za ta sa ido. Mai koyo yana zuba wa allura ido, alhali allura ba ta zuwa ko'ina, sama da ƙasa kawai take yi. Abin kallo shi ne bakin yadin da layin da aka zana a farantin da ke ƙarƙashin madanni, wato ƙarfen da ke danne yadi.

Bayan haka sai zura zare, ta zura ta cire har sau goma, har ta iya ba tare da ta duba littafi ba. Sai ta ɗinka ƙyallaye biyu a haɗe, da tsawon ɗinki milimita 2.5, tana barin santimita 1.5 daga baki, tana ƙulle farko da ƙarshe da ɗinkin baya uku ko huɗu. Abu na farko da take ɗinkawa na amfani shi ne rigar matashin kai, sannan jaka mai hannu, sannan siket mai roba a ƙugu. Ba na barin kowa ya taɓa zif ko hannun riga sai ya wuce waɗannan. Kuma da yadin auduga wanda ba ya miƙewa ba ya santsi ake farawa, ko da tsohon zanen gado ne.

Uwar_Biyu:
Malama, an taɓa ce mini ɗinki a kan takarda yana kashe allura.

Malamar_Sana'a:
Yana kashe ta, shi ya sa nake ware tsohuwar allura don wannan aikin, a cire ta a sa sabuwa kafin a hau yadi.

TsohonTela:
Tsarin Malama ya yi daidai da yadda muka koya, sai dai mu kafin takarda ma sai an cire allura an bar mutum yana taka keke kawai, har sai wilin ya daina komawa baya. Amma akwai abin da nake so Sabuwar_Hannu ta sani tun yanzu, domin kada ta ɗauka cewa sayen keke shi ne rabin aiki. Zama a kan keke shi ne ƙaramin ɓangare na ɗinki. Awo da yanka su ne sana'ar. Ɗinkin da ya karkace ana farke shi a sake, amma yadin da aka yanka ba daidai ba ya tafi ke nan. Ki bar wani abu daga kuɗinki ki sayi almakashi mai kyau, kuma kada ki yarda kowa ya yanka takarda ko wani abu da shi. Ki sayi tef na awo, da alli, da fil, da ɗan ƙarfen farke ɗinki, wanda za ki yi amfani da shi fiye da yadda kike zato. Sannan dutsen guga ya zauna kusa da keke. Duk layin da kika ɗinka ki goge shi kafin ki haɗa shi da wani, domin wannan ne bambancin kayan da ake gani a san na mai koyo ne da wanda ake tambayar wa ya ɗinka.

MaiAlmakashi:
A kan wannan babu saɓani tsakanina da Baba. Zan ƙara da cewa a wanke yadin auduga kafin a yanka, saboda yana tsukewa a wankin farko. Rigar farko da na ɗinka wa ɗiyata ta yi mata daidai, bayan wanki ɗaya hannun ya haura, kuma na yi baƙin ciki ƙwarai domin kwana uku na yi a kanta. Haka kuma a kula da tsayin saƙar yadi, a shimfiɗa abin da za a yanka ya bi shi, in ba haka ba rigar za ta riƙa murɗewa a jiki.

Ɗalibin_Ɗinki:
Tambaya ta gefe: Singer ɗin nan da ake ta ambata, shi ne ya ƙirƙiro keken ɗinki?

Kwarkwaro15:
Ba shi ne na farko ba. Wani tela Bafaranshe, Barthélemy Thimonnier, ya sami lasisin mallakar kekensa a 1830, amma nasa zare ɗaya ne, ɗinkin sarƙa yake yi. A Amurka, Elias Howe ya sami nasa a 1846 a kan keke mai zare biyu da ke ƙulle juna, sannan Isaac Singer ya zo da nasa a 1851, kuma kamfaninsa ne ya yaɗa keken zuwa gidaje. Amfanin sanin wannan ga mai koyo shi ne, har yau kekunan ukun da Sabuwar_Hannu ke magana a kansu abu ɗaya suke yi: allura ta sauka da zaren sama, ƙugiya ta kamo shi ta zagaya da shi bayan zaren kwarkwaro, su ƙulle a tsakiyar yadi. Wanda ya gane haka zai iya karanta ɗinkinsa. Idan zaren ƙasa yana leƙowa a sama, na saman ya yi tsauri. Idan na saman yana yin lako-lako a ƙasa, ya yi sako-sako. Hanya mafi sauƙi ta gani ita ce a sa zare mai launi daban a sama da ƙasa a lokacin gwaji.

Mai_Haƙuri:
Ina da tambaya a kan ko dole ne a je wurin malami. Na yi wata 5 a wani shago, kuma in ban da guga da share ƙyallaye da aike, babu abin da aka bar ni na yi. Duk ranar da na nemi a nuna mini yanka sai a ce lokaci bai yi ba. Daga ƙarshe na bari, na koma kallon bidiyo a YouTube, kuma a cikin wata biyu na ɗinka abin da ban ɗinka a can ba. Don haka ni shawarata ga mai tambaya ita ce ta sayi kekenta ta zauna a gida ta koya.

Malamar_Sana'a:
Abin da aka yi miki bai dace ba, kuma ba ke kaɗai ya faru da ke ba. Amma bidiyo yana da iyaka, domin yana nuna miki hannun gwani ne, ba ya ganin naki hannun. Ɗaliba za ta iya shafe wata tana riƙe almakashi a karkace, ko tana ɗaga yadi daga tebur idan tana yanka, kuma babu bidiyon da zai ce mata ta daina. Abin da nake ba da shawara shi ne a yi magana a fili tun kafin a fara: me za a koya a watan farko, yaushe za a hau keke, yaushe za a fara yanka. Idan ba a sami irin wannan wurin ba, ko mutum ɗaya da ya iya wanda zai duba aikinki sau ɗaya a mako ya wadatar, sauran ki cike da bidiyo da littafin keken. Littafin nan mutane na jefar da shi, alhali a cikinsa aka zana hanyar zare da wuraren mai.

Sabuwar_Hannu:
Na dawo da labari. Jiya na je na gwada biyu daga cikin kekunan da ƙyallayena kamar yadda Malam MakanikinKeke ya ce, indastiriyal kuwa na cire shi daga lissafi a yanzu. Baƙin keken ya ratsa jins ninki huɗu ba tare da ya nuna ya ji ba, sandar allurarsa ba ta wasa, amma na kasa taka shi, sai mai shi ne ya taka mini, kuma na lura ba shi da abin komawa baya. Farin yana da ɗan nauyi, ya yi kyau a siririn yadi da na auduga, a kan jins kuma ya yi gurnani kafin ya wuce. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne, da na zura zaren da kaina na fara ɗinki, sai zare ya cukurkuɗe a ƙarƙashin yadin ya zama dunƙule, har sai da aka yanke shi da almakashi. Wannan alamar keken yana da matsala ne a ƙasa?

MakanikinKeke:
Kusan tabbas ba matsalar ƙasa ba ce, duk da cewa a ƙasa kika ga dunƙulen. Ki tuna, lokacin da kika zura zaren, madannin yadi yana sama ko yana ƙasa? Idan yana ƙasa, faifan nan biyu da ke matse zaren sama a rufe suke, zaren bai shiga tsakaninsu ba, sai ya tafi babu tsauri ko kaɗan, ƙugiya ta riƙa jan sa tana tarawa a ƙasa. Kullum a ɗaga madanni kafin a zura zare, a tabbata zaren ya shiga ƙarfen nan mai hawa da sauka, sannan a riƙe jelar zaren biyu ta baya a ɗinki biyu ko uku na farko. Ki koma ki sake gwadawa haka kafin ki yanke wa keken hukunci. Gurnanin da ya yi a kan jins kuma, ki duba lambar allurar da ke jikinsa, domin idan 80/12 ce ba a yi masa adalci ba.

Sabuwar_Hannu:
Madannin yana ƙasa, na tuna sarai, domin na sauke shi ne don in ga ramin allurar da kyau.

TsohonTela:
Rashin abin komawa baya ba matsala ba ce, 'yata. Ki bar allura a cikin yadi, ki ɗaga madanni, ki juya yadin ki bi ta kan ɗinkin, ya ƙullu ke nan. Takawa kuma kwana kaɗan ne, kuma idan kin ga dama daga baya ana ɗaura wa irin wannan keken ɗan injin lantarki a gefe, ki sami biyun a keke ɗaya. Ni har yanzu ina kan bakana.

MaiAlmakashi:
Ni ma ina kan nawa, Baba, domin ko an ɗaura masa inji ba zai yi zigzag ba. 'Yar'uwa, ki zauna ki lissafa kaya biyar na farko da kike son ɗinkawa, ki ga guda nawa ne ke da ƙofar maɓalli ko yadi mai miƙewa. Idan kin koma gwajin, ki sa a yi miki ƙofar maɓalli a gabanki, ki duba ko gefunan biyu sun yi daidai da juna.

Uwar_Biyu:
Ki kuma tambaya ko farin yana da abin rage gudu, ko aƙalla ki gwada fedar ki ga ko tana yarda ki tafi a hankali. Wasu da an taɓa su sai su zabura, kuma wannan yana firgita mai koyo.

Sabuwar_Hannu:
Na gode muku duka. Na lissafa kayan kamar yadda Anti MaiAlmakashi ta ce, biyu daga cikin biyar suna da maɓalli, sauran ukun miƙaƙƙen ɗinki ne. Gobe zan koma da allura 100/16 da zare kala biyu in sake gwada farin, kuma mai baƙin keken ya yarda in zauna in gwada takawa na ɗan lokaci ba tare da allura ba. Malam MakanikinKeke, idan na ciro ƙoshiyar baƙin keken, ta wane gefe zan shafa don in ji kaushin da ka ambata?